Kafin ka sa wa mashin ɗinka salansa mai ƙara, leƙa baƙin mansa

1/ Jama'a, yau maganar mashin zan yi, kuma na san abokaina 'yan kwalliya ba za su ji daɗi ba. A ganina babban gatan da za ka yi wa mashin ɗinka ba a shago ake sayo shi ba. Minti 30 ne duk sati, kai da sifana a ƙofar gida. Ku biyo ni. 🧵

2/ Nawa Boxer ne. Yayana ya hau shi shekara huɗu, da ya samu aiki ya bar min, lokacin ina shiga aji biyu a jami'a a nan Kano. Daga gidanmu zuwa makaranta, zuwa da dawowa, kusan kilomita 30 ne kullum. Wato mashin ɗin nan shi ne ƙafata.

3/ To me na fara yi da ya zo hannuna? Na kwance madubai biyun, wai na dattawa ne. Na sa salansa mai ƙara, na liƙa sitika, na sa shuɗiyar fitila a ƙarƙashi. Baƙin mai kuwa, wallahi wata biyar ko murfin ban buɗe ba.

4/ Ranar wata jarrabawa ta ƙarfe 8 na safe, ina kan titin Gwarzo, sai inji ya fara wata ƙara kamar ana kaɗa cokali a gwangwani. Ƙarfi ya ragu, sai ɗif. Na taka kik ya ƙi motsi. Na tura shi wani shago, na tari Adaidaita Sahu. Na shiga a makare, tambaya guda ko taɓa ta ban yi ba.

5/ Da yamma bakaniken unguwarmu ya kwance notin ƙasa. Abin da ya zubo bai cika kofin shayi ba, baƙi ƙirin, ga kauri. Ya kalle ni ya ce, "Ɗan samari, yaushe rabonka da juye?" Na yi shiru. Ya ce, "Ka yi wa amarya lalle, ka hana ta abinci."

6/ Inji ya buga. Fistan, ringi, gyaran bulo, kuɗin aiki: kuɗin kashewata na wata biyu bai isa ba, sai da na koma wurin Yaya. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Shekara huɗu ban taɓa sauke injin nan ba." Da ya zage ni ma da ya fi min sauƙi.

7/ Daga nan na fara zama kusa da bakanike ina tambaya. Abu na farko da na gane: irin mashinanmu ba su da lagireto, iska ce ke sanyaya injin. Kuma baƙin mai ɗaya, kusan lita guda, shi ke yi wa inji da giya da kuloci hidima gaba ɗaya. Idan ya mutu, su uku ka cuta.

8/ Duba shi ba ya cin minti biyu. Kafa mashin a ƙafar tsakiya, a wuri mai daidai. Kwance murfin, goge sandar awon, mayar, sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamomin nan biyu. Idan ya yi ƙasa, ƙara. Idan yana yawan raguwa ga hayaƙi fari-shuɗi a salansa, inji na ƙona shi, je gareji.

9/ Juye ma a gida nake yi yanzu. Ka bar inji ya ɗan ɗumama, man ya fi saurin tsiyaya. Tara roba, kwance notin ƙasa, bari ya gama ɗiga, mayar da noti da washarsa, zuba sabo da mazurari. Ni duk kilomita 1,500 nake yi, saboda ƙura da zafin garinmu.

10/ Wane mai? Ni 20W-50 nake sa wa nawa, kai ka duba abin da aka rubuta wa naka. Nemi na mashin, mai alamar JASO MA a jikin robar, don wasu man mota na sa kuloci ya riƙa zamewa. Na awo da ake tsiyaya maka a kwalba kuwa, ba ka san me aka haɗa ba. Araha ce mai tsada.

11/ Sai matatar iska. Da hunturu, ƙurar da ke toshe maka hanci ita ke toshe ta. Idan ta toshe, iska ta yi kaɗan, fetur ya yi yawa, mashin ya riƙa shan mai yana nauyi. Ta soso ce? Wanke da kananzir, matse, shanya, shafa mata mai kaɗan. Ta takarda ba a wanke ta, canzawa ake yi.

12/ Wannan ba ƙaramar magana ba ce yanzu. Kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai ₦200 ba. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura ₦1,000. Da can idan mashin na shan mai kafaɗa kawai za ka ɗaga. Yanzu kuɗin abincinka na rana yake sha.

13/ Fulogi ma yana magana, idan ka iya karanta shi. Kwance shi ka kalli bakin. Ruwan ƙasa: lafiya lau. Baƙin toka a bushe: fetur ya yi yawa, fara duba matatar iska. Jiƙe da mai: ringi ya fara gajiya. Fari fat: inji na zafi fiye da kima. Ka ajiye sabo ɗaya a jakarka.

14/ Sarƙa: taɓa tsakiyarta ta ƙasa, wasanta sama da ƙasa ya zama santimita 2 zuwa 3. Ta saki da yawa, za ta iya zamewa kana tsakiyar titi. Ta ɗaure tam, tana cin haƙoran sifoket. Idan kana ja, ka daidaita alamomin ɓangarorin biyu, kada tayar baya ta karkace.

15/ Roƙo ɗaya, don Allah: kada ka taɓa goge sarƙa ko sa mata mai inji na aiki yana cikin giya. Tsumma ta kama, yatsa ya bi. Kashe inji, juya tayar da hannu. Sauri na minti ɗaya bai kai yatsa ba.

16/ Taya: "iska ta yi" da matsa ta da babban yatsa ba awo ba ne. Ka ce wa mai faci ya sa geji. Taya mai laushi na ƙara shan mai, tana cinyewa ta gefe, tana kuma rawa a kwana. Birki kuma, idan ka ɗaure notin ya kai ƙarshe har yanzu ba ya kamawa, lainin ya ƙare. Canza, kada ka lallaɓa.

17/ Yanzu mu dawo kan kwalliya. Wani zai ce, "Kuɗina ne, samartaka ce." Gaskiya ne, ni ma ina son mashin mai kyau. Sitika ba ta kashe kowa. Amma akwai kwalliyar da ke rage wa mashin lafiya, akwai wadda ke iya rage maka kwana.

18/ Cire madubi na cikin ta biyun. A titin da Adaidaita ke yanko kwana ba sigina, tifa na bayanka, kai kuma sai ka waiga gaba ɗaya kafin ka san me ke tahowa. Daƙiƙar nan da idonka ya bar gaba, ita ce duk abin da hatsari ke buƙata. Na mayar da nawa, kuma ba wanda ya daina gaishe ni.

19/ Salansa mai ƙara kuma ba gudu take ƙara maka ba, ji kawai kake kamar kana gudu. Idan aka fasa cikinta ba a sake saita kafireta ba, haɗin iska da fetur na iya sirancewa, inji ya ƙara zafi. Ga maƙwabta: mai jego, mara lafiya, dattijon da ya samu barci da ƙyar. Haƙƙi ne fa.

20/ Kana da kuɗin ƙara wa mashin wani abu? Ga jerina: taya mai kyau, lainin birki na asali, fitilar gaba da ke haska hanya ba ta makantar da mai tahowa, kwaɗo mai ƙarfi, sai hular kwano. Tun Janairun 2009 FRSC ta fara tilasta ta, amma har yau kunyar sa ta muke ji. Kai ba shi da sifiya.

21/ Wani ya ce min ina hana bakanikai cin abinci. Ko kusa. Saitin bawul, cikin kafireta, wayarin, sauke inji, duk nasu ne. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne: ni da kaina na taɓa ɗaure notin juye da ƙarfin tsiya har na cinye zaren, na koma gareji ina sosa ƙeya. Ka san iyakarka.

22/ Ribar ita ce, yanzu idan na je wurinsa ba na cewa "Oga, kawai ba ya jin daɗi." Ina faɗa masa abin da na ji da abin da na duba. Aiki ya yi sauri, ba a canza abin da bai lalace ba. Shi ma ya fi sakin jiki da ni.

23/ Masu cewa ɗan jami'a bai dace da baƙin mai a hannu ba kuwa, sabulu na wanke shi. Muna haddace darasin zafi da gogayya don jarrabawa, ga injin da ke nuna mana su kullum a tsakanin ƙafafunmu, mun kasa leƙa shi. Wannan bokon da sauransa.

24/ Kayan da nake da su ba yawa: sifana 10, 12, 14 da 17, ta fulogi, sukundireba, filaya, tsumma, mazurari. Duka ba su kai kuɗin salansar da na cire ba. Tsohon mai kuma kada a zuba a kwata, a tara a jarka a kai gareji.

25/ Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ranar Asabar, kafin ka fita, buɗe murfin nan ka zaro sandar awon. Tambayar bakanikena nake miƙo muku, kuma a faɗi gaskiya: yaushe rabonka da juye?