Arzikin ƙarƙashin ƙasa da gonar da ke bisansa: darasi daga Arlit

Ya kai mai karatu, ko manomi ne kai ko makiyayi, akwai tambaya guda da ya kamata ka san amsarta tun kafin ta iso ƙofar gidanka. In aka gano zinariya ko man fetur a ƙarƙashin gonarka, ko a makiyayar dabbobinka, na wane ne? Kuma kai mene ne rabonka? Tarihin garin Arlit, a jihar Agadas, zai taimake ka ka fahimci wannan magana.

Yadda ma'adini ya kafa gari

A shekara ta 1957 masu bincike daga Faransa suka gano ƙarfen uraniyom a Azelik, a arewacin Nijar. Daga baya aka samu wanda ya fi shi yawa a yamma da duwatsun Abzin. A lokacin babu gari a wurin. Fili ne na hamada inda Abzinawa makiyaya suke ratsawa da raƙuma da awaki. A 1968 aka kafa kamfanin SOMAIR, a 1969 aka soma gina Arlit domin ma'aikata, a 1971 kuma aka fara fitar da uraniyom. Kamfani na biyu, COMINAK, an kafa shi a 1974, ya fara aiki a 1978, shi ma ya gina nasa gari mai suna Akokan. Saboda wannan ƙarfe ne aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit, aka kuma haƙo gawayin ƙasa a Anu Araren domin wutar lantarki.

Garin ya tashi da fuska biyu. A gefe guda akwai unguwar kamfani, mai ruwan famfo da lantarki da asibiti. Amma gidan da ke cikinta ba na ma'aikaci ba ne. Aikinsa ne ya ba shi ɗaki. A ɗaya gefen akwai mutanen da suka biyo labarin kuɗi: ƴan kasuwa da masu sana'a daga Maraɗi, Damagaram da Tawa, da makiyayan da farin 1973 da na 1984 ya kashe wa dabbobi. Waɗannan suka kakkafa rumfuna a bayan unguwar kamfani. Shi ya sa ake kiran wasu unguwannin Arlit da sunan Bukoki. A ƙidayar 2012, mutanen ƙaramar hukumar Arlit sun kusa dubu 80.

Ƙasar ta wane ce?

A nan sai ka rarrabe abu uku.

Na farko, abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Dokar ma'adinai ta Nijar ta ce wannan na gwamnati ne, ko da a ƙarƙashin gonar gado yake. Kamfani yana karɓar izinin haƙa ne daga hannun gwamnati, na wasu shekaru ƙayyadaddu.

Na biyu, gona. Tsarin dokokin karkara na 1993 ya yarda da mallakar gona ta hanyar gado da al'ada, daidai da mallaka ta takarda. In aikin gwamnati ya bukaci gonarka, doka ta ce a biya ka diyya ta adalci kafin a karɓa.

Na uku, makiyaya. Wata doka ta 1961 ta ja iyakar noma. Abin da ke arewa da iyakar an bar shi domin kiwo, kuma yana hannun gwamnati. Manomi yana da kunya da shinge da zai nuna wa baƙo. Makiyayi kuwa shaidarsa rijiya ce da hanyar da dabbobinsa suke bi, kuma yana iya yin watanni bai dawo wurin ba. Wanda ya zo da taswira a lokacin rani sai ya ga kamar fili ne marar mai shi. Lokacin da aka kafa Arlit, babu dokar da ta rubuta haƙƙin makiyayi a kan wurin zamansa. Sai a 1993 aka ba shi haƙƙin fifiko wajen amfani da ruwa da ciyawa na mazauninsa na asali. A 2010 wata doka ta ƙara da cewa yawon kiwo haƙƙi ne, kuma ba a yarda wani ya mallake makiyaya shi kaɗai ba. Dokokin sun zo bayan an riga an kewaye filaye masu yawa.

Ranar da rami ya ƙare

Ma'adini ba gero ba ne da ake shukawa kowace damina. A ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ya rufe, domin ƙarfen raminsa ya ƙare. Ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da ƴan kwangila da masu sayar musu da abinci. An bar tarin dusar ma'adini kimanin tan miliyan 20, mai tururin guba, wanda dole a rufe shi a kuma lura da shi shekaru masu yawa. Ruwan da ake sha a Arlit daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, irin wanda ya taru tun zamanin da, kuma ruwan sama ba ya mayar da shi da sauri. Makiyayin da ya bar filinsa a da, ba zai same shi yadda ya bar shi ba.

Abin da ya sauya

A watan Yuni 2024 gwamnatin Nijar ta janye izinin haƙa na Imuraren daga hannun kamfanin Orano na Faransa. A watan Yuni 2025 ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. Wannan babban sauyi ne a kan wanda yake riƙe da ramin. Amma bai amsa tambayar makiyayi da manomi ba tukuna. Ko kamfanin na baƙo ne ko na gida, fili zai ci, ruwa zai sha.

Kada ka ce wannan zancen arewa ne kaɗai. A 2014 aka gano zinariya a Jado, dubban mutane suka kwarara can cikin ƴan watanni. A 2021 irin haka ta faru a yankin Ɗan Isa, jihar Maraɗi, a tsakiyar ƙasar noma. A watan Nuwamba na shekarar rami ya rufta, mutum 18 aƙalla suka rasu. Bututun man Agadem da aka kai gaɓar teku a Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ya ratsa gonaki a jihohin Damagaram, Maraɗi da Doso.

Me ya kamata ka yi?

Ka rubuta gonarka tun ana zaman lafiya. Akwai hukumar kula da filaye, wadda ake kira Kofo, a matakin ƙauye da ƙaramar hukuma da gunduma. Ta wurinta ake samun takardar shaidar gado, saye, kyauta, aro, haya ko jingina, da sa hannun mai gari da shaidu. Mata magada su ma su sa a rubuta rabonsu da sunansu.

Makiyaya su haɗa kai su nemi a shata burtali da mashaya da mazauninsu, a sa su cikin littafin Kofo.

In masu haƙa suka zo neman gonarka, kada ka dangwala yatsa a kan takardar da ba a karanta maka ba. Ka tambayi shekara nawa za su yi, nawa za su biya, da wanda zai cike ramuka in sun tashi. Kuɗin sayar da gona yakan ƙare cikin shekara guda, gonar da aka huda kuwa ba ta sake nomuwa sai da wahala.

Ka kuma sani cewa a 2006 doka ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin da gwamnati ke samu daga ma'adinai domin ƙananan hukumomin jihar da ake haƙa. Ka tambayi shugaban ƙaramar hukumarka nawa ya shigo da abin da aka yi da shi.

A ajinku na yaƙi da jahilci, ku roƙi malaminku ya kawo samfurin takardar Kofo, ku karanta ta tare layi bayan layi, har kowa ya gane inda ake rubuta suna, iyakokin gona da sunayen shaidu.