Raddi Ga Masu Cewa Izinin Zama Garkuwa Ne

Wata magana tana yawo a tashoshi da rumfunan kasuwar Illela, wai mutumin Ƙonni ko Tawa na Nijar da ya daɗe a nan, ya samu izinin zama, ya auri 'yar gari, ko kotu ta ɗaure shi kan safarar makamai ko ƙwaya, babu mai ikon tsallakar da shi iyaka. In ka nemi hujja sai a ce maka ai an gwada da Shugaba Darman, kotu ta hana.

Wannan ko jahilci ne ko ganganci. Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno ƙarƙashin GNPP, gwamnatin Shagari ta kwashe shi a Janairun 1980 ta jefa shi Chadi, da zargin mahaifinsa ba ɗan Najeriya ba ne. Babbar kotun Maiduguri ta soke korar, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar. Amma a kan me? Kotu ba ta ce baƙon da ya daɗe ba ya koruwa ba. Cewa ta yi mutumin nan ba baƙo ba ne tun farko, ɗan ƙasa ne ta wajen mahaifiyarsa. Abin da ya cece shi ke nan, kuma shi ne abin da mai izinin zama ba shi da shi. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ɗan ƙasa kaɗai ya hana a kora. Wanda ba ɗan ƙasa ba, dokar shige da fice ta 2015 ta ba ministan cikin gida ikon fitar da shi, kuma kotun da ta same shi da laifi tana iya ba da shawarar hakan. Kai, ko wanda aka ba takardar zama ɗan ƙasa bayan shekara 15, sashe na 30 ya yarda a ƙwace ta idan aka ɗaure shi shekara 3 ko fiye cikin shekara 7 na farko. To ina ga mai katin zama kawai?

Batun aure ya fi rauni. Sashe na 26 matar da ta auri ɗan Najeriya ya buɗe wa ƙofar rajista, bai ambaci mijin 'yar Najeriya ba. 'Ya'yan ne 'yan ƙasa, uban yana nan baƙo.

Za a ce raba uba da iyalinsa zalunci ne, tunda Illela da Ƙonni dangi ɗaya ne da Turawa suka tsaga. Gaskiya ne, kuma ya kamata lauya ya gabatar da hakan a gaban alƙali. Sai dai roƙon sassauci daban, haƙƙi daban.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kuwa ba ta hana korar baƙi da Najeriya ta yi a 1983 ba, balle yanzu da Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Ingila ma dokarta ta 2007 ɗaurin wata 12 ta ɗauka dalilin kora.

Masu yaɗa wannan magana su ji tsoron Allah, gidajen mutane suke jefawa cikin haɗari. Wanda aka haifa a Najeriya, kuma uwarsa ko ɗaya cikin kakanninsa ɗan ƙasa ne, ya nemi shaidar asalinsa daga ƙaramar hukuma tun kafin a kai ga kotu.