Sa'ad da Likita Ya Ce a Koma da Baba Gida



Akwai wata magana da iyalai da yawa a ikkilisiyoyinmu suka sha ji daga bakin likita: "Ku koma da shi gida, ku ci gaba da kula da shi." Galibi a kan tsoho ake faɗinta, wanda ciwon daji ya ci ƙarfinsa, ko ɓarin jikinsa ya shanye karo na biyu, ko ƙodarsa ta gaza. Abin da kunnenmu yake ji kuwa shi ne an gama, babu sauran abin yi. Daga nan sai gida ya rabu biyu. Wasu su shiga neman wani asibiti, wani mai magani, wani dutsen addu'a, ana yawo da tsoho a bayan mota a kan hanyar da ko mai lafiya sai ya ji a jikinsa. Wasu kuma su kwantar da shi a ɗakin baya, su saki labule, a soma lissafin kuɗin akwati a asirce. A ganina, dukansu sun bar tsohon shi kaɗai. Abin da likita ya ce shi ne warkarwa ta fi ƙarfinsa. Jinya kuwa a ranar take somawa da gaske. Aiki ne da ake koya, kuma ku matasa ne ya kamata ku koye shi.

Ku duba wanda yake yin aikin nan a yau. Kusan kullum mace ɗaya ce: matar ɗa, ko 'yar da ba ta yi aure ba, ko jikar da aka ce ta ɗan dakata da makaranta. Ita ce wanki, ita ce wanka, ita ce tashin dare. Matan Zumunta, Allah ya sa musu albarka, sukan zo da sabulu da waƙa da addu'a. Samari fa? Ɗaga babban mutum daga gado aikin ƙarfi ne, masu ƙarfin kuwa suna wajen koyon waƙa ko filin ƙwallo. Ga kuma zancen kunya, wanda ba mu cika tunawa da shi ba. Dattijon da ya yi shekara arba'in ana rusuna masa, yau matar ɗansa ce take tuɓe shi ta wanke shi. Ba zai ce komai ba, amma ku dubi idonsa. Da jikansa ne ko ɗan ɗan'uwansa, da nauyin ya ragu a wurinsa da wurinta.

Bari in faɗi aikin dalla-dalla, domin kalmar jinya tana da sauƙin faɗa. Mutumin da ba ya iya juyawa da kansa, nauyin jikinsa yakan danne fata a inda ƙashi ya fito: ƙugu, ƙarshen gadon baya, diddige, kafaɗa. Jini ya daina isa wurin, fata ta mutu, gyambo ya buɗe. Cikin 'yan kwanaki kaɗan hakan yake faruwa, warkewarsa kuwa sai watanni, in ma ya warke. Abin da yake hana shi bai kai kuɗin katin waya ba: a riƙa juya shi kamar bayan kowace awa biyu, a sa matashi tsakanin gwiwoyinsa, a ɗaga diddigensa kada ya dinga gogar katifa, a shimfiɗa leda a ƙarƙashin zane, a canja zanen da zarar ya jiƙe. A fatarmu ba lalle ne a ga ja ba. Sai dai wurin ya ƙara duhu, ko ya yi zafi, ko ya yi tauri. In an ga haka kada a murza wurin, a ɗauke nauyi daga kansa, a nuna wa ma'aikacin jinya. Awa biyu biyu, dare da rana. Ku lissafa da kanku ku gani ko mutum ɗaya zai iya.

Inda zuciya ta fi karyewa shi ne wajen abinci. Mu mutane ne da muke nuna ƙauna da kwano. "Baba, daure ka sha ko cokali ɗaya ne." Amma jikin da ya kusa hutawa yakan rage neman abinci da kansa, ciwon ne yake kawo haka, ba yunwa ce take kashe shi ba. Idan maƙogwaro ya raunana aka yi masa ɗura, kunun yakan bi hanyar iska ya sauka a huhu, ya jawo tari da zazzaɓi da wahalar numfashi. Sai ƙaunarmu ta zama ƙarin azaba. A zaunar da shi sosai kafin a ba shi, kaɗan kaɗan, abin da ransa yake so. In ya soma ƙwarewa a tsaya. Ranar da ya ƙi gaba ɗaya, a jiƙa tsumma mai tsabta a riƙa shafa masa a baki da harshe, a shafa man kaɗe a leɓensa. Wannan ma ciyarwa ce irin ta ranar.

Sai zafin ciwo. Muna yabon dauriya, har a wajen jana'iza a ce marigayi bai taɓa yin ƙara ba. Ni dai ban ga abin alfahari ba a tsohuwa ta kwana tana cije haƙori alhali akwai magani. Wata mata 'yar Ingila mai suna Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin jinya kafin ta zama likita, ta buɗe gidan kula da masu ciwon ajali na St Christopher's a Landan a 1967. Mai bi ce, kuma ta nace a kan abu biyu. Na ɗaya, a ba da maganin zafi a kan lokaci, da agogo, kada a jira sai ciwon ya dawo mutum ya yi kuka. Na biyu, zafin mai mutuwa ba a jiki kaɗai yake ba, yana cikin tsoronsa, da damuwar iyalinsa, da tsakaninsa da Allah. Kada wani ya ce wannan sha'anin Turawa ne. Likita Anne Merriman, wadda ta taɓa aikin mishan a Nijeriya, ta kafa irin wannan aiki a Uganda a 1993 da ruwan mofin mai araha wanda ake sha a gida, har a 2004 ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi. A nan gida, asibitin koyarwa na Ibadan yana da sashen wannan kulawa tun 2007, wasu manyan asibitoci ma sun bi sahu. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin mutum miliyan 56.8 da suke bukatar irin wannan kulawa kowace shekara, kusan kashi 14 cikin ɗari ne kawai suke samu.

Na san abin da yake ba mu tsoro. Mun ga yadda tiramol da kodin suka lalata samari a unguwanninmu, har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Tsoron yana da dalili. Amma maganin da likita ya auna wa mai ciwon daji daban yake da wanda yaro ya saya a bayan kasuwa. Kafin a bar asibiti, wani a cikinku ya tsaya ya tambayi likita: me za mu ba shi in zafi ya tashi da dare, nawa, bayan awa nawa, wa za mu kira? A tambayi maganin taurin bayan gida ma, domin mofin yana kawo shi. A ajiye maganin a inda yara da baƙi ba za su kai hannu ba.

Wani zai ce, "Fasto, wannan ai rashin bangaskiya ne. Mutuwa ba rabonmu ba ce." Ina addu'ar warkarwa, zan kuma ci gaba da yinta muddin da numfashi. Amma Elisha, wanda ta wurinsa Na'aman ya rabu da kuturta, ciwo ne ya kwantar da shi har ya mutu (2 Sarakuna 13). Yakubu kuwa da ya ga kwanakinsa sun ƙare, ya kira Yusufu ya faɗa masa inda yake so a binne shi, ya tara 'ya'yansa ya yi wa kowa magana (Farawa 47 zuwa 49). Ba wanda ya toshe masa baki. Mu kuwa da tsoho ya ce, "Ku kira mini wane, ina da magana," sai mu ce, "Haba Baba, daina irin wannan zance, za ka tashi." Tsoho ya san jikinsa. Da wannan amsa muke hana shi nuna iyakar gona, faɗin bashin da ake binsa da wanda yake bi, neman gafarar ɗan'uwan da suka yi shekaru ba sa ga maciji, da sa wa jikoki albarka. Shari'o'in gado da yawa da suke zuwa gaban dattawan ikkilisiya, da an bar marigayin ya yi magana da ba su taso ba.

Abu ɗaya kuma da ba zan yi shiru a kansa ba. Tsohuwar da ta ruɗe, tana kiran sunayen matattu, tana fita da dare, tana faɗin abin da ba ta yi ba, ƙwaƙwalwarta ce take ciwo. Kiranta mayya zalunci ne, ko da a cikin addu'a aka yi shi.

Ga waɗanda suke aiki a Abuja ko Legas ko ƙasar waje: kuɗin da kuke turowa taimako ne na gaske, ba kowa ne zai iya barin aikinsa ba. Amma ku dubi inda kuɗinmu yake tafiya. Gidan da aka rasa kuɗin famfas na manya wata shida, shi ne zai ajiye gawa a mutuware mako uku, a ɗinka anko, a buga hoto a riga, a kafa rumfuna, a yanka sa. Hutun da aka kasa ɗauka don a kwana biyu kusa da Mama, ranar biso sai ga shi an samu. Matar nan ta Betanya tun Ubangiji yana da rai ta zuba masa turarenta mai tsada, shi kuwa ya kāre ta a gaban masu gunaguni (Markus 14). Ku raba kasafin jana'izar nan biyu, ku kawo rabi yanzu: katifa mai kyau, magani, da ladan wanda zai karɓi mai jinya ta huta.

Ga abin da nake roƙon Zumuntar Matasa. Da wuya a sami majami'ar da ba ta da nas ko ma'aikacin lafiya ko ɗaya. Ku roƙe shi ya ba ku Asabar guda, ya nuna muku da hannu yadda mutum biyu suke juya majinyaci da zane ba tare da sun ja fatarsa ko sun ji wa bayansu ciwo ba, da yadda ake wanka a kan gado. Sa'an nan ku nemi izinin iyalin, ku tsara zuwa bibbiyu, maza wurin maza, mata wurin mata. Awa huɗu ma ta isa matar gida ta yi barci, ko ta je sujada karo na farko cikin watanni. Abin da kuka gani a ɗakin ya tsaya a ɗakin. Ba hoto, ba sawa a WhatsApp da sunan neman addu'a.

Wataƙila a lokacin zamanku kwanakin ƙarshe za su zo, don haka ku san alamunsu kada ku firgita. Barci yakan yi yawa, ƙafafu su yi sanyi, numfashi ya riƙa tsayawa yana dawowa, wani lokaci da ƙara a maƙogwaro. Ƙarar nan ta fi damun masu sauraro fiye da shi, juya shi a gefe yakan rage ta. Ku aika a kira iyali da fasto. Ma'aikatan jinya sukan ce a ɗauka yana ji ko da bai amsa ba, saboda haka kada a yi gardamar gado ko zancen akwati a kansa. Ku rage taron ɗakin, ku buɗe taga. In ka shiga, ka faɗi sunanka da sunan mahaifinka, ka riƙe hannunsa, ka yi masa magana da yaren da uwarsa ta yi masa. In za a yi waƙa, a zaɓi wadda ya sani tun yana saurayi, a yi ta a hankali.