Albashin Ma'aikata Ba Abin Garkuwa Ba Ne

Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci kan kiki-kakar jam'iyyu a majalisar dokokin Amurka. Daga 22 ga Disamba 2018 zuwa 25 ga Janairu 2019, kwana 35 cur, wani sashe na gwamnati ya tsaya cak, saboda Shugaba Trump ya nemi dala biliyan 5.7 don gina katanga a iyakar Mekziko, 'yan Demokrat kuma suka ƙi atafau. Ma'aikata kusan 800,000 ba su ga albashi ba, masu binciken jakunkuna a filayen jirgin sama suna aiki aljihu wayam.

Wasu za su ce wanda ya sassauta ya ci amanar masu zaɓensa. Na yarda akwai aƙidar da ba a raba ta biyu kamar goro, amma kasafin kuɗi lissafi ne, ana iya ragi a kansa. Tunda a Majalisar Dattawa sai da ƙuri'a 60 cikin 100 ake rufe muhawara kan yawancin dokoki, dole a nemi yardar abokin hamayya. Don Allah Edita, a riƙa bayyana mana halin da ma'aikata ke shiga duk lokacin da aka sami irin wannan cijewa.