Wa Yake Ciyar Da Tsuntsayen Fadamar Wurno?

Duk sa'ad da aka karanta mana Matiyu sura 6, inda Ubangijinmu ya nuna wa almajiransa tsuntsaye don su bar damuwa, mukan amsa amin da ƙarfi. To, ku je ku karanta wa mai shinkafa a fadamar Wurno wannan wuri lokacin da shinkafarsa ta fid da kai, ku dubi fuskarsa. Shi ya san inda tsuntsayen nan suke kiwo. Jan baki kan sauko kamar hadari, kafin rana ta yi tsaka sun bar masa ƙaiƙayi. Yaransa tun asuba suna bakin gona da gwangwani da majajjawa, suna ihu har murya ta dishe. Allah yana ciyar da tsuntsaye, babu shakka, amma sau da yawa daga gonar wani yake ɗiba.

Ba muna cewa manomi ya naɗe hannu ba ne, korar tsuntsu ba zunubi ba ce. Abin lura shi ne yadda Allah ya saba ciyar da halittarsa. Manna ta daina sauka bayan Isra'ilawa sun ci amfanin ƙasar Kan'ana, kamar yadda Joshuwa sura 5 ta nuna. Tun daga nan abinci ta ƙasa da ruwa da hannun mutum yake zuwa. Ku dubi madatsar ruwan Goronyo da aka gama a 1984 a kan Kogin Rima. Mai albasa da mai tafarnuwa da ita suke noman rani, masunta suna kamun kifi, shanun makiyaya suna sha, birnin Sakkwato ma yana sha. Ruwan nan bai taɓa tambayar kowa inda yake sujada ba. Ambaliyar 2010 ma da ta zo, ba ta zaɓi gida ba.

A cikin Littafin Firistoci sura 19 Allah ya hana mai gona ya girbe har gefe, ya kuma hana shi komawa ya tsince abin da ya zube, domin matalauci da baƙo su sami na kala. Da wannan doka Rut ta ci abinci a gonar Bo'aza, ita da ba Ba'isra'iliya ba ce. Ashe a kowace gona akwai rabon da ba na mai gonar ba.

Masu kala a ƙasarmu yau mun san su. Tun harin da aka kai Tabanni a Yulin 2018 mutanen ƙauyukan Rabah suka taru a Gandi, mata da yara da tsofaffi. A Oktoban 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutane da dama suka mutu. Akwai manoman da gonarsu tana nan amma ba su isa su taka ta ba, akwai waɗanda aka kore musu shanun huɗa. Mutumin da a da yake ba da dami, yau matarsa ce take bin bayan masu girbi da ƙwarya.

Mun ji abin da wasunmu suke faɗa, kuma ba mu raina shi ba. Mu 'yan kaɗan ne a nan, yawancinmu ɗalibai ne da masu koyon sana'a, a cikin ikkilisiya ma akwai gwauraye da marayu, ga shi waɗancan ba addininmu ɗaya ba. Irin wannan lissafi Yunusa ya yi a bayan garin Nineba. Ya ji zafin tsiron da ya ba shi inuwa ya bushe, Allah kuwa ya tuna masa da mutum fiye da 120,000 da ke cikin birnin, har dabbobinsu bai manta ba. A nan bari mu ɗan ratse: wanda ya fito daga sujada ya tsaya yana dariya ana jibgar jakin da ya durƙushe da buhunan albasa, ya koma ya karanta Karin Magana 12:10.

Muna yawan maganar abincin ruhaniya, muna nufin nazarin Littafi Mai Tsarki da azumi da addu'ar dare. Duka suna da kyau, ba za mu bar su ba. Amma a bakin rijiyar Samariya, da almajirai suka matsa wa Yesu ya ci abinci, ya nuna musu cewa aikata nufin wanda ya aiko shi ne abincinsa. Mu muna ta ji, muna cika littattafanmu da rubutun wa'azi, ba mu kai ga aikatawa ba, sa'an nan mu yi mamakin ramar da muke ji a ruhu.

Shawararmu ga zumunta ita ce, a godiyar kaka ta bana mu ware namu gefen gonar. Mai gero ya kawo tiya, mai shinkafa ya kawo mudu, wanda ba ya noma ya rage kuɗin katin waya na mako ɗaya. Mu nemi izinin fasto da dattawa, a kai wa 'yan gudun hijirar da ke kusa da mu ta hannun mai unguwa, tun da shi ya san wanda ya kwana bai ci ba. Kada a ɗauki hoton kowa, kada kuma a tambayi addininsa.