Birnin Gwari: Faɗin ƙasa, ƙarancin jama'a da makomar Juma'a

A ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Birnin Gwari tana da mutane kimanin dubu 250 a ƙasar da ta haura murabba'in kilomita 6,000, wato mutum arba'in da 'yan kai a kowane murabba'i. Zariya kuwa, da ƙasarta ba ta kai ushirin wannan ba, ta haura mutum dubu 400. Mu da ke cikin ganuwa, inda kiran sallar wannan unguwa ke haɗuwa da na waccan, da wuya mu fahimci rayuwar ƙauyen da kurmi ya raba shi da maƙwabcinsa.

Wannan tazara ce ta ba manomi gona mai yalwa, makiyayi kuma ta ba shi makiyaya. Ita ce kuma ta ba 'yan bindiga mafaka a dajin Kamuku, domin kafin agaji ya iso an gama ɓarna.

Akwai asarar da ba a cika lissafa ta ba. A mazhabar Malikiyya, Juma'a ba ta inganta sai da maza goma sha biyu mazauna garin, ban da liman. Duk ƙauyen da ya watse, Juma'arsa ta faɗi, makarantar allonsa ta bi bayanta.

Sulhun da gwamnatin Uba Sani ta ƙulla a ƙarshen 2024 ya sa an sake buɗe kasuwar shanu, kuma mun yi hamdala. Sai dai a ganinmu kasuwa ba ta isa ma'auni ba, domin ɗan kasuwa yini yake yi ya koma. Ƙidayar da muke jira ita ce ta ƙauyukan da liman ya sake hawa mumbari.