Ba A Ba Ɗan Gida Usur A Wasan Gidansu

Yawancinmu ba mu taɓa ganin ƙwallon gora ta kan ƙanƙara ba sai a talabijin, amma zancen alƙalin wasa babu mai kallon ƙwallo da bai san zafinsa ba.

A gasar Olamfik ta 2014 a Sochi, Rasha ta kara da Amurka. Ana 2-2, saura 'yan mintoci a tashi, Fedor Tyutin na Rasha ya zura ƙwallo. Aka soke ta saboda ragar ta ɗan goce daga mazauninta. Amurka ta yi nasara a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Ɗaya daga cikin alƙalan, Brad Meier, haifaffen Amurka ne. Rashawa suka fusata, har da zanga-zanga a ƙofar ofishin jakadancin Amurka a Mosko.

Mu faɗi gaskiya, bisa dokar hukumar wasan ta duniya, IIHF, a lokacin, hukuncin daidai ne. To amma wane Barashe za ka gamsar? Laifin na wanda ya ba Meier usur ɗin ne tun farko.

Kuma ba a nan aka fara ba. A wasan ƙarshe na mata a 2002 a Salt Lake City, Amurka da Kanada, Ba'amurkiya ce ta yi alƙalanci. Sau takwas a jere ta hukunta 'yan Kanada, aka riƙa fitar musu da 'yar wasa na ɗan lokaci. Kanada ta ci 3-2, shi ya sa ƙurar ta lafa. A wasan ƙarshe na maza a Vancouver a 2010 kuwa, Kanada da Amurka, manyan alƙalan biyu duk 'yan Kanada ne. Yau gare ka, gobe ga ɗan'uwanka.

Hujjarsu ita ce alƙalan gasar NHL sun fi kowa ƙwarewa, kuma galibinsu daga ƙasashen nan biyu suke. Mun ji. Shin Suwidin da Finland da Jamus ba su da gasa ne, ko ba su da alƙalai? A gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa, ba a taɓa sa mutum ya hura wa ƙasarsa wasa, komai ƙwarewarsa.

Ba mu ce wani ya ci hanci ba. Cewa muke ba a ba kura ajiyar nama, ko da ta rantse ta ƙoshi. Wanda aka doke yana zargi, wanda ya ci an sa wa nasararsa tabo, alƙalin kuma yana shan zagin da ƙila bai cancanta ba.

Maganin bai fi layi ɗaya a littafin doka ba: duk wanda ƙasarsa ke fili, ya zauna cikin 'yan kallo.

Muna jiran ra'ayoyinku. Allah ya kai mu mako mai zuwa.